Katangar da Ake Rushewa Ran Alhamis

Ban je Riyad don kallo ba. Umra na je, kuma da son raina ne da daga Madina sai gida, don ƙafafuna sun riga sun gaya mini shekaruna. Amma tun ina ɗaure jaka Inna ta ɗora mini saƙo. Ba ta ce in je in gano mata ɗanta ba, Inna ba za ta taɓa faɗin haka ba. Yaya ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, sai dai ta ce "yayanku", in ranta ya ɓaci ta ce "wancan". Tun muna yara ban taɓa ganin ta zauna hira da shi ba. In ya bugo waya ma daga nesa take amsa gaisuwa, ta ce a ce masa tana lafiya. Abin da ta ce mini kawai shi ne, in na samu hanya in biya in shaida wa yayanmu tsagar ɗakinta yanzu hannu yana shiga, ga damina ta matso.

Ɗakin nan shi ne ciwon kaina. Mahaifinmu magini ne ɗan magini, shi ya gina shi da hannunsa lokacin da za a kawo Inna, soro ne na ƙasa da azara. Sauran gidan duk ya koma bulo da kwano, shi kaɗai ya rage a tsakiya kamar tsohon haƙori. Na gina mata ɗaki na siminti har da fanka, ta yi godiya, ta sa albarka, ta zuba buhunan gero a ciki. Na kawo magina su duba tsagar, ta dama musu fura suka sha, ta sallame su. Ta ce hannun bare ba zai taɓa ginin nan ba alhali mai ginin ya bar magaji. Magajin kuwa Yaya ne. Shi ya tashi a bakin kududdufi yana cuɗa ƙasa, ni aka sa ni boko. In an yi hutu nakan bi su wurin aiki in jefa masa tubali yana bisa katanga, rabi ya kai, rabi ya dawo mini a ka, yana ta dariya. Har gobe "mai hannun alli" yake ce mini.

Shekarunsa na farko a Saudiyya yana zuwa, ya yi 'yan makonni, ya sake wa ɗakin yaɓe, ya koma. Daga baya zuwan ya tsaya, sai alkawari. Kowace shekara ya ce bana in sha Allahu, kowace shekara Inna ta ce an ji, ta ci gaba da kwana daidai ƙarƙashin tsagar, wadda ta taso daga bakin indararo ta gangaro har kusa da matashinta. Ni ne a kusa, ni hadari yake tayar wa hankali. In sama ta yi baƙi ina cikin aji, sai in rasa inda na tsaya a darasi. Na yi lallashi, na yi faɗa, na turo limaminmu, duk ta saurare mu da ladabi ta koma ɗakinta. Na gaji da ita, na gaji da shi, kuma na san sarai abin da take nufi. Ba ta da bakin cewa tana kewar ɗan fari, shi ne ta bar katanga tana faɗa mata. Ni kuma tsorona katangar ba ta san alkunya ba, ran da ta gaji a kanta za ta faɗo.

Na shiga doguwar bas daga Madina, tafiya ce da ba ta ƙarewa, yashi hagu yashi dama, sanyin na'ura yana cin gwiwa. Da hantsi muka shiga Riyad, ƙafafuna sun kumbura har takalmi yana ƙin shiga. Yaya yana zaune a unguwar Utaiƙa, a wani tsohon gida bayan kasuwar kayan miya, ɗaki ɗaya su biyu da wani mutumin Maraɗi mai tuƙa motar dakon dabino. Shi ya tarbe ni, don Yaya ya riga ya fita shugul, haka suke ce wa aiki a can. Ɗakin ƙarami ne, a share tas. Na ga katifar Yaya a kan faffaɗan katako, na ga wata kujerar roba a kusurwa tana fuskantar bango, na ce a raina zaman gwauraye ke nan, komai a inda ya ga dama.

Na tambayi mutumin Maraɗi ko gidan tarihin da Yaya yake aiki yana da nisa. Abin da muka sani a gida ke nan, gidan tarihi, kuma kowa ya zana abinsa a ransa. Ni dai mai gadi na zana, da kaki, a zaune bakin ƙofa cikin sanyi, shi ya sa ma fushina ya ƙaru. Mutumin ya dube ni, ya turo mini kwanon shinkafa, ya ce in ci in miƙe ƙafa, bayan azahar zai kai ni in gani da idona. Ranar Alhamis ce.

Wurin yana bayan gari, sai da muka wuce gidajen unguwar Nasim muka bar manyan tituna. Ƙauye ne aka gina sabo fil don ya yi kama da tsoho. Ka yanki tikiti a ƙofar gilashi, ka taka ka faɗa zamanin kakanninsu: lunguna na ƙasa, ƙofofin itace masu zane, rijiya da jaki yana jan guga, itacen da igiyar ke bi yana ta kuka. Mata a zaune suna niƙa a dutse, maƙeri yana zuga, wani yana dakan gahawa a turmin ƙarfe yana yi masa kiɗa. Ko'ina an kewaye da igiya, masu aiki a ciki, masu kallo a waje da waya a sama. Bayan tabarmin kaba da aka rataya kuwa, in ka kasa kunne, za ka ji na'urar sanyi tana huci. Mutumin Maraɗi yana tafe yana yi mini bayani ƙasa-ƙasa, maƙerin ɗan Sudan ne, mai jakin ɗan Yaman, mai gahawan da wanke-wanke yake yi a gidan abinci. Ya ce kakannin da ake nuna wa yara a nan, rabinsu da iƙama a aljihu suke yawo, wato takardar zaman baƙo. Na yi dariya, ta farko tun da na baro Madina.

A wata kwana aka kafa farin tanti, da wani farin mutum cikin gajeren wandon kaki da hular kwano, yana leƙa tsohuwar kyamara mai ƙafa uku. Wai shi ne irin Turawan farko da suka riƙa ratsa ƙasar suna aune-aune suna ɗaukar hoto. Ɗan Sham ne, in ji abokin tafiyata, kuma ba ya wasa da sallah. Ganinsa ya tuno mini labarin da mahaifinmu yake ba mu na kakanmu, wanda aka kwaso shi da sauran magina suka gina wa Di'o, Baturen mulki, bariki a garinmu, aikin tilas. Ya ce ba aikin ne ya fi ci wa tsohon rai ba, matar Di'o ce, da take zuwa da yamma ta tsaya da laima tana kallon su suna taka ƙasa, wani lokaci ta ce a sake yi don ta ɗauki hoto. Ina tsaye ina gode wa Allah da wannan zamanin ya wuce, mutumin Maraɗi ya taɓa ni ya nuna mini ƙarshen lungun da haɓa.

Da farko ban gane shi ba. Wani dattijo na gani cikin doguwar riga mai launin ƙasa, an ɗaure ta a ƙugu da igiya, da ƙyalle a ka, ba takalmi, tsaye cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa har idon sawu. Gabansa katanga ce da ta kai ƙirji, gefe kuma tubalan Larabawa masu kusurwa huɗu a jere suna shan rana. Yana ɗibar ƙasa yana cusawa a wani akwatin katako marar gindi, ya shafe saman, ya ɗaga. Gemun ya yi fari tas. Sai da ya goge goshi da bayan hannu, yadda Baba yake yi, sannan na gane Yaya ne.

Abin da na yi ban yi shawara da kowa ba, jikina ne ya yi. Na matsa bakin igiyar, na tuɓe takalmin da dama da ƙyar ya shiga, na durƙusa har ƙasa na ce, "Yaya, ina wuni." Haka aka koya mana, kuma furfurata ba ta ɗauke mini ba, ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Mutumin Maraɗi ya kai hannu zai ɗaga ni, ya makara.

Yaya ya ɗago. Na ga ya gane ni, na ga leɓensa ya motsa. Sai idonsa ya wuce ta kaina zuwa wani mutum mai farar riga da kati rataye a wuya, mushrif, mai sa ido a kan ma'aikata. Daga baya na ji dokar wurin: muddin kana cikin kayan wasa, ba waya, ba agogo, ba wani yare sai 'yan kalmomin Larabcin da aka ba ka. Yaya ya dafa ƙirji da hannu mai taɓo, ya yi mini murmushin da yake yi wa kowa.

"Hayyakallah," in ji shi. Marabar da ake yi wa duk wanda ya yanki tikiti ke nan.

Shekara goma sha wani abu rabona da shi, abin da na samu ke nan. Na kasa tashi, rabi don gwiwa, rabi don ban san inda zan sa fuskata ba. Kafin in ankara mutane sun zagaye mu, wayoyi sun juyo kaina. Mai yi wa wani ayari jagora, da ya ga abin ya yi kyau, sai ya ɗaga murya ya bayyana musu cewa haka ake girmama masu sana'a a zamanin da. Larabcina na islamiyya ne, amma ya isa in ji wannan. Wata mata ta turo ɗanta ya tsaya kusa da ni a ɗauke mu. Wani dattijo ya yi mini alama da hannu in ɗan ƙara sunkuyawa, rana tana ɓata masa hoto. Na tuna matar Di'o da laimarta.

Yaya bai daina aiki ba, don ba a yarda ya daina ba, amma hankalinsa ba ya wurin. Ina durƙushe ina kallon hannayensa. Sun manta da akwatin. Sun ɗebi ƙasa, sun mulmula, sun juya, sun fitar da tubali irin namu mai faɗin gindi da tsinin kai, sun ajiye, sun sake ɗibar wata. Sai da suka yi layi guda sannan mushrif ya ƙaraso ya ce mamnu'u, an hana, wannan ba ginin nan ƙasar ba ne. Ba da tsawa ya faɗa ba, mutumin ma da fara'arsa. Yaya ya dubi abin da hannunsa ya yi kamar na wani ne, ya ba da haƙuri, ya sa ƙafa ya tattake su ɗaya bayan ɗaya suka koma cikin kwaɓin.

Na lallaɓa na tashi, na sa takalmi. Da yake kowa waya ce a hannunsa, ni ma na ciro tawa na ɗauke shi bidiyo, don in samu abin da zan ɓoye fuskata a bayansa. Na ɗauki yadda yake ɗauko tubali daga ƙasa, ya kai kan katanga, ya shafe da taɓo. Ban ga komai a ciki ba sai yayana yana wasan kwaikwayo da sana'ar ubanmu.

Gab da magariba aka kaɗa ƙararrawa, masu kallo suka fara fita. Mutumin Maraɗi ya san mai gadi, aka bar mu muka zauna a kan wani dakali. Aka kwance jakin rijiya, masu niƙa suka ciro wayoyinsu daga ƙarƙashin tabarma, Baturen wasan ya cire hula ya kama alwala. Sai na ga an kawo wa Yaya diga da tiyo. Maƙerin ya taso daga rumfarsa ya karɓi digar ba tare da an roƙe shi ba, ya bar masa tiyon, ya hau saran katangar. Na tambayi abin da ke faruwa, mutumin Maraɗi ya ce ai Alhamis ce. Masu kallo gini suke son gani, ba ginanne ba, don haka duk mako in katanga ta kai ƙirji sai a rushe ta, a jiƙa ƙasar ta kwana, Juma'a da jama'a suka fi yawa a fara daga tushe. Ƙasar nan guda ce tun da Yaya ya kama aikin. Na zauna ina kallon katanga lafiyayya, miƙaƙƙiya, ba tsaga ko ta allura, tana zubewa, ina tuna wadda na baro da tsumma cushe a cikinta. Raina ya gama ɓaci kafin ma mu yi magana.

A rumfar ma'aikata ta baya muka yi gaisuwar gaske. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya tambayi kowa da kowa har awaki, ya tsokane ni wai mai hannun alli ya zo Riyad ya samu aikin fim. Bai tambayi Inna ba sai a ƙarshe, ya ce "mutanen gida fa", don shi ma kunyar tana riƙe da shi ta ɗaya ɓangaren. Na isar da saƙo yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba. Ya kankare taɓo daga farcensa, sannan ya ce kafil, uban gidan da iƙamarsa take hannunsa, ba ya ba da hutu sai an rufe ƙauyen in zafi ya tsananta, amma bana in sha Allahu.

A nan na manta da durƙuson da na yi ɗazu. Na ce masa in zafi ya tsananta a nan, ruwa ya riga ya sauka a can, kuma ya sani. Na ce ya ishe ni da bana. Na ce yana nan yana gina wa iska ɗaki ana tafa masa, uwarsa tana kwana a ƙarƙashin abin da zai binne ta, kuma ran da ya faɗo ni za a kira in tono ta, ba shi ba. Na ce ko ya zo, ko ya buɗe baki ya ce ba zai zo ba, ta sake ni in kawo masu bulo. Ya ci gaba da kankare farcensa. Aka kira sallah.

Ma'aikatan suka yi sahu a kan tabarmar roba, Baturen ne ma ya ja mu, bayan ya zura jallabiya a kan gajeren wandonsa. Yaya ya tuɓe rigar wasan, sai ga wani faffaɗan bel na asibiti ɗaure a jikinsa tun daga ƙugu har ƙasan haƙarƙari. Maƙerin ya jawo masa kujerar roba zuwa ƙarshen sahu, yadda ake yin abin da aka saba. Yaya ya yi kabbara a tsaye, da aka tafi ruku'u ya zauna. Na tuna kujerar da na gani a ɗakinsu tana fuskantar bango, ashe alƙibla take kallo. Ina gefensa, goshina a ƙasa, nasa a sama. Ban san abin da na karanta a sallar nan ba.

A mota ya ba ni labarin a taƙaice, yana kallon titi. Faɗowa ya yi daga wani bene da suke ginawa, shekarar da ya daina zuwa gida. Ya yi watanni a kwance, mutumin Maraɗi ne ya yi jinyarsa. Da ya tashi ba mai ɗaukar sa aiki sai wannan wurin, inda ake neman tsoho mai furfura da ya san ƙasa, kuma katanga ba ta wuce ƙirji. Da shi yake riƙe karatun yaransa da ya baro a gida. Ya ce ni ma na sani, magini a garinmu kan katanga yake zama ana jefo masa tubali yana cafewa, shi kuwa yanzu ko dakali ne sai ya yi shawara. In ya je gida Inna za ta nuna masa soro, gari ya taru ya ga magajin Baba ya kasa hawa tsani.

"Ka nuna mata hoton nan da ka ɗauka," ya ce. "Ta ga ina nan da ƙarfina. Sauran kuma amana ce, ban yarda ka faɗa ba."

Na ce to ɗakin fa?

"Ka ƙara tokare shi da itace. Bana..." Sai ya kasa ƙarasawa. Mutumin Maraɗi ya ƙara muryar rediyo.

Washegari da safe, kafin ya fita, ya ja ni kasuwar Utaiƙa sayen tsaraba. Yanzu da na sani, sai na ga abin a ko'ina: yadda yake dafa kowace mota da muka wuce, yadda yake juyowa da jikinsa duka in an kira shi, yadda wani abu ya faɗi daga hannunsa ya yi kamar bai gani ba har na ɗauko. Ya daɗe yana zaɓen sallaya, yana matsa kowace da yatsa, ya ce a ba shi mai kauri saboda gwiwar mutanen gida. Na baro Riyad da ita, da dabino da turare. Da fushi na zo, fushi kuwa ko ba komai yana riƙe mutum a tsaye. Na koma ba fushin, ba mafita, sai gajiya.

Na iso gida ana tsakiyar bazara, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Bayan 'yan sannu da zuwa sun watse, na sami Inna a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye tsaraba, na ce yayanmu yana gaisuwa, yana nan lafiya, ya ce in an rufe wurin aikinsu zai duba hanya. Ta ce an ji. Ba ta tambayi komai ba, kuma na san ba za ta tambaya ba. Na ciro waya na ce ga wurin aikin nasu in za ku gani. Ta ce me za ta gani a ciki, amma ta goge hannu a zane ta karɓa.

Idon Inna ya yi rauni, sai da ta kai wayar dab da hanci. Ta kalla har ya ƙare. Ta ce in mayar, na mayar. Ta tambayi ɗakin wa ake ginawa, na ce ba na kowa ba ne, na kallo ne, rushewa ake yi duk Alhamis. Ta ce ikon Allah. Ta sake cewa in mayar. Wannan karon ta sa yatsa a kan gilashin, daidai inda Yaya yake dafa cinya da hannu ɗaya kafin ya kai ɗayan ƙasa, gwiwa ce take lanƙwasawa, bayan yana miƙe. Ni da na ɗauki hoton ban lura ba. Ita kuwa tun tana amarya take kallon magini yana sunkuyawa.

Ta miƙo mini wayar, ba ta dube ni ba.

"Tun yaushe yake sallah a zaune?"

Ban amsa ba, amana ce. Ita ma ba ta sake tambaya ba. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, sai dai na ga ɓawon take jefawa a ƙwarya, ƙwayar a ƙasa. Na zauna tare da ita har aka kira la'asar.

Da na dawo daga masallaci na tarar an fito da buhunan gero tsakar gida, ana jan gadonta zuwa ɗakin siminti. Ta ce gobe in kira mutanena masu bulo, amma azarar a cire ta a hankali a jingine mata, kada a sayar. Sannan ta ce in kira wancan. Na ɗauka saƙo za ta ba ni kamar kullum, sai na ga ta miƙo hannu. A iya sanina ranar ce ta fara kara waya a kunne don ta yi magana da shi.

Ba ta yi doguwar gaisuwa ba. Ta ce masa ta gaji da ɗakin, gara ta dame ta, ga zafi, ita ma tana son ta ɗana fankar nan kafin ta mutu, don haka ta sa a rushe, kada ya wahalar da kansa a kan gini. In ya samu hutu ya zo haka nan, ba aikin da yake jiran sa. Ina jin muryarsa ta cikin wayar, ya ɗaga ta yadda ban ji ya ɗaga ba a Riyad, yana faɗa. Ai ya ce zai zo, me ya sa ba a jira shi ba, ginin Baba ne fa, wannan aikin mai hannun alli ne, shi ya zuga.

"Haka ne," in ji Inna. "Na yi gaggawa. Ka yi haƙuri."

Ta ba ni wayar ta shiga sabon ɗakin ta saki labule. Na tsaya a tsakar gida ina karɓar sauran faɗan, ina cewa to Yaya, na ji Yaya, har layin ya yanke. Na kasa kunne wajen ɗakin. Ba ta kunna fankar ba.